Darasin takamul: me ake nema a wurin ɗalibi, kuma a ina maki ke zubewa?

Sabon Ɗalibi a Riyad ya rubuta:

Assalamu alaikum yayyena da malamaina. Zango mai shigowa zan ɗauki darasin takamul (integration), wato kashi na biyu na kalkulas, wanda ke bin tafadul (differentiation). An ɗora mana takardar tsarin darasin a Blackboard, shafin karatu na jami'a, na karanta amma ban gane komai da komai ba. An ce maki 60 na aikin zango ne, 40 na jarrabawar ƙarshe, akwai lakca uku a mako da zaman tamarin, wato na warware tambayoyi, kuma an ja layi a ƙarƙashin kalmar hirman. Tafadul na ci shi da C+.

Abin da nake so a bayyana mini: fashi nawa ne ke jawo hirman, kuma ana ƙirga wanda aka kawo wa uzuri? In mutum ya rasa jarrabawar tsakiyar zango yaya ake yi? Ana barin kalkuleta? Sannan a cikin darasin kansa, wane ɓangare ne ya fi kayar da mutane, don in fara shiri tun yanzu? Allah ya saka da alheri.

Mu'idin Tamarin, wato mataimakin malami, ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in ɗauki ɓangaren dokoki, don nan ne ake yin asarar da ba ta da alaƙa da ƙwaƙwalwa.

Hirman shi ne a hana ka shiga jarrabawar ƙarshe saboda fashi. A tsarin da akasarin jami'o'in gwamnati na Saudiyya suka saba bi, dole halartarka ta kai kashi 75 cikin 100, wato fashinka kada ya wuce kashi 25. Ba ko'ina ba ne daidai: Jami'ar Sarki Fahad da ke Dahran kashi 20 take amfani da shi a fashin da ba uzuri. Saboda haka lambar da ke cikin takardarku ita ce taka. Ka zauna ka mayar da ita ƙwayar lamba tun ranar farko. In lakca uku ce a mako har mako 15, lakca 45 ke nan, rubu'inta 11.25, ma'ana fashi na 12 ya kai ka ga hirman. In kuwa ana haɗawa da tamarin na awa biyu ana ƙirgawa da awa, awa 75 ke nan, rubu'insu 18.75, kuma kowane zaman tamarin da ka rasa awa biyu ya ci maka a lokaci ɗaya. Ka tambayi dukturan, wato malamin darasin, a makon farko wace ƙirga yake yi. Ka kuma tambaye shi makara ta minti nawa yake rubutawa fashi, don wannan kowane malami da nasa.

Uzuri ba ya goge fashi da kansa a wurare da yawa. Abin da yake yi shi ne ya ba majalisar kwaleji damar ɗage maka hirman ɗin in ta karɓi uzurin, kuma a tsarin da aka saba ko wannan ba a yin sa in halartarka ta gaza kashi 50. Takardar asibiti kuwa yanzu ba ta hannu ake so ba, wadda ta shiga tsarin ma'aikatar lafiya ake so, wadda za ka gani a manhajar Sehhaty. Ka miƙa ta cikin kwanakin da takardar darasi ta ƙayyade. Uzurin da aka kawo bayan wata guda wahalar karɓa gare shi. Abu biyu da ke cinye fashin 'yan'uwanmu ba tare da sun ankara ba: lakcar ƙarfe takwas ta safiyar Lahadi bayan an dawo daga Umara cikin daren Asabar, da kuma makon farko na zango, lokacin hazfu da idafa, wato cirewa da ƙara darussa, da mutane ke ɗauka ba a fara kiran suna ba. Ana farawa. A watan azumi kuma jadawali na sauyawa, ka duba sabon lokacin kada ka zo aji an tashi.

Me ya sa ake tsoron hirman haka? Domin a takardar sakamako DN ake rubutawa, kuma a lissafin mu'addal, wato matsakaicin maki (GPA), daidai yake da F: maki 1 cikin 5. Ga ma'aunin yadda yake a jami'o'in da ke amfani da 5: daga 95 zuwa 100 A+ ne, 5.0, 90 zuwa 94 A, 4.75, 85 zuwa 89 B+, 4.5, 80 zuwa 84 B, 4.0, 75 zuwa 79 C+, 3.5, 70 zuwa 74 C, 3.0, 65 zuwa 69 D+, 2.5, 60 zuwa 64 D, 2.0, ƙasa da 60 faɗuwa. Wanda ya zo daga Najeriya ya saba 70 shi ne A, to a nan 70 C ne tsura. Wannan kaɗai ya isa ya sauya maka yadda kake kallon "na san hanya, ƙaramin kuskure kawai na yi".

Ɗauki misali. Kana da awa 15 na kiredit a zango, takamul awa 3 ne a ciki, sauran awa 12 duk ka samu B, maki 48 ke nan. In ka samu C+ a takamul, 10.5 za a ƙara, mu'addal ɗin zangon ya zama 3.9. In D ne, 3.6. In F ne ko DN, 3.4. In kuwa ka janye daga darasin a kan lokaci aka rubuta maka W, ba a sa shi a lissafi, kana nan a 4.0. Ƙari a kan haka, sharaɗin martabar sharaf, wato digiri mai lambar yabo, a lokacin kammalawa shi ne kada ka taɓa faɗuwa a darasi ko ɗaya. DN guda ya rufe wannan ƙofa ko da mu'addal ɗinka ya haura 4.75 daga baya. In kuma mu'addal na jimla ya sauka ƙasa da 2 cikin 5, inzari ne, wato gargaɗi, kuma inzari uku a jere na iya kai mutum ga kora.

Janyewa tana da ranar ƙarshe a taƙwimin jami'a, wato kalandarta, kuma ba za a bari awanninka su yi ƙasa da mafi ƙarancin da aka ƙayyade ba, galibi 12. Ka rubuta ranar a bangon ɗakinka. Kafin ta zo ka yi wannan lissafin: wanda ke da 35 cikin 60 yana buƙatar 25 cikin 40 don ya tsira da D, mai 20 cikin 60 sai ya cinye 40 ɗin duka, abin da ba a gina shiri a kansa. Ta ɗaya gefen kuma, mai 48 cikin 60 ko ya ci jarrabawar ƙarshe ba kuskure 88 ne iyakarsa, B+. Mai neman A+ ba shi da izinin zubar da fiye da maki 5 a zangon gaba ɗaya. Ɗalibin minha, wato mai tallafin karatu, kada ya janye kafin ya ga murshidinsa, malamin da ke ba shi shawara, da ofishin ɗaliban minha, saboda tsawon shekarun da aka ba shi.

Jarrabawar tsakiya in ka rasa ta ba uzuri, sifiri ne. Da uzuri karɓaɓɓe, sashe ne ke sa ranar madadi, sau da yawa rana ɗaya ga kowa can kusa da ƙarshen zango, kuma tana iya haɗa babukan da suka fi na asalin yawa. Kada ka ɗauke ta hanyar samun ƙarin lokaci. Ta ƙarshe kuwa majalisar kwaleji ce ke duba uzurinta. A ranar jarrabawar ƙarshe ba a shiga bayan rabin awa da farawa, ba a kuma fita kafin rabin awa. Ka zo da katin jami'a da iƙama, wato katin izinin zama. Waya da agogon zamani ko a kashe suke, in an same su a jikinka ana iya rubuta maka takardar satar amsa, daga nan magana ta bar hannun malami ta koma kwamitin ladabtarwa.

Kalkuleta: wasu sassan sun hana ta ɗungurungum, wasu suna barin ƙarama wadda ba a shigar mata da shiri. Ka yi karatunka kamar an hana.

Injiniya daga Dahran ya amsa:

Malam Mu'id ya gama da dokoki, Allah ya ƙara ilimi. Ni zan shiga cikin darasin.

Ɗan'uwa, bambancin tafadul da takamul shi ne wannan: a tafadul kowace tambaya tana faɗa maka ƙa'idar da za ka bi. Ka ga abu biyu an ninka, ƙa'idar ninki. Ka ga wani cikin wani, ƙa'idar sarƙa. Takamul ba ya faɗa maka komai. A aji kana koyon hanya ɗaya a mako, duk tambayoyin makon da ita ake warware su, sai ka ji ka iya. A jarrabawa sai a jera maka guda shida ba take, kuma aikin farko shi ne gane wace hanya ce ta kowacce. Wannan ne ba a koyarwa a lakca, kuma shi ne ke kayar da mutane. Dubi waɗannan uku: ∫ x/(x²+9) dx, da ∫ 1/(x²+9) dx, da ∫ 1/(x²−9) dx. Kamar 'yan gida ɗaya. Ta farko musanya ce, u = x²+9, amsa ½ ln(x²+9) + C. Ta biyu (1/3) arctan(x/3) + C. Ta uku sai an tsaga ta gida biyu, amsa (1/6) ln|(x−3)/(x+3)| + C. Wanda bai saba ganinsu a cakuɗe ba zai ɓata minti goma yana gwada hanyar da ba ita ba. Maganin: daga mako na shida, duk ranar Asabar ka kwafo tambaya 15 daga babuka daban-daban a takarda ɗaya, ka rubuta gefen kowacce hanyar da za ka bi da dalili, kafin ka warware ko ɗaya.

C+ a tafadul ba laifi ba ne, amma kafin zango ya fara ka tabbatar abu uku suna fito maka ba tunani. Na ɗaya mushtaƙƙar (derivative) sin, cos, tan, sec, eˣ, ln x, arcsin da arctan, domin takamul karanta wannan jadawalin ne daga dama zuwa hagu. Na biyu dangantakar kusurwoyi: sin² + cos² = 1, 1 + tan² = sec², da sin²x = (1 − cos 2x)/2, cos²x = (1 + cos 2x)/2. Na uku aljabara: doguwar rabawa, fitar da gaɓoɓi, da cika murabba'i. Mutum ya ga x² + 4x + 13 a ƙasan layi ya kamata idonsa ya ga (x+2)² + 9 nan take, amsa kuma (1/3) arctan((x+2)/3) + C. Yawancin jan biron da ke kan takardun takamul a kan aljabarar sakandare yake sauka.

Yanzu wuraren da ake zamewa.

Musanya, wadda duktura zai kira ta'awid. In akwai iyakoki, da ka sauya x zuwa u dole iyakokin su sauya. ∫ daga 0 zuwa 2 na 2x(x²+1)³ dx: u = x²+1, in x sifiri ne u 1 ne, in x 2 ne u 5 ne. Amsa (625 − 1)/4 = 156. Wanda ya bar 0 da 2 zai samu 4. Duk matakan tsakiya daidai, amsar kuwa ta yi nisan Makka da Madina. Kuskure na biyu shi ne barin x a cikin tambayar bayan an shiga u. In x ya ƙi fita, ko dai ka rubuta shi da u, ko kuma zaɓinka na u ba daidai ba ne.

Tajzi'a, wato ∫ u dv = uv − ∫ v du. Zaɓen u shi ne komai. Ka ba ln da su arctan fifiko su zama u, sai x da ire-irensa, sai sin da cos, eˣ a ƙarshe. A ∫ x eˣ dx, u = x, amsa x eˣ − eˣ + C; in ka juya, x zai koma x², tambayar ta fi da muni. ∫ ln x dx ana yin ta da dv = dx kawai, amsa x ln x − x + C, kuma tana yawan fitowa domin mutane ba sa tunanin tajzi'a in sun ga abu ɗaya tilo. Sai mai zagayawa, ∫ eˣ sin x dx: ka yi tajzi'a sau biyu, tambayar ta dawo maka da alamar ragi, ka tsallakar da ita ɗaya gefen ka raba da 2, amsa ½ eˣ(sin x − cos x) + C. Sharaɗi: abin da ka zaɓa u a karo na farko, irinsa za ka zaɓa a na biyu. In ka sauya, za ka warware abin da ka ɗaura, ka ƙare da sifiri daidai yake da sifiri.

Musanya da kusurwa. √(a² − x²) tana son x = a sin θ, √(a² + x²) tana son x = a tan θ, √(x² − a²) tana son x = a sec θ. Haddar wannan ba wuya. Inda ake barin maki shi ne mantawa da sauya dx, da kuma tsayawa da amsa cikin θ. Tambaya da x ta zo, da x za ta koma. Ka zana alwatika mai kusurwar 90, ka sa gefunan, ka karanto sin θ ko tan θ daga jikinta. Amma kafin ka shiga wannan doguwar hanya ka duba ko akwai x a waje: ∫ x√(4 − x²) dx musanya ce ta layi uku.

Kusur juz'iyya, tsaga lamba mai sama da ƙasa. Mataki na farko da ake tsallakewa: in darajar (degree) sama ta kai ta ƙasa ko ta fi ta, sai an raba tukuna. x²/(x²−1) shi ne 1 + 1/(x²−1). Na biyu, gaɓar da ta maimaitu tana son gida ga kowace daraja. 1/(x(x−1)²) gida uku gare ta: A/x + B/(x−1) + C/(x−1)². Sa x = 0 ka samu A = 1, sa x = 1 ka samu C = 1, daidaita x² ka samu B = −1. Mai gida biyu ba zai taɓa daidaita ta ba. Gaɓa irin x² + 4 da ba ta tsaguwa kuwa Bx + C ake sa mata a sama, ba B kaɗai ba.

Sai takamul mu'utall, wanda iyakarsa ba ta ƙarewa ko kuma fankishin ɗin ya fashe a wani wuri. Na farkon ana ganin sa, alamar ∞ tana nan ƙuru-ƙuru. Na biyun ne tarko. ∫ daga −1 zuwa 1 na 1/x² dx: in ka bi ta kai tsaye za ka samu −2. Tsaya ka duba: 1/x² ba ya taɓa sauka ƙasa da sifiri, ta yaya faɗin da ke ƙarƙashinsa zai zama da ragi? A x = 0 ya fashe, sai an raba tambayar biyu a nan, kowane rabi a yi shi da nihaya (limit), kuma duk biyun ba sa tsayawa. Saboda haka duk tambayar da ke da iyakoki, daƙiƙa biyar na farko na duba ƙasan layi ne: akwai inda yake zama sifiri tsakanin iyakokin? Ka riƙe kuma cewa ∫ daga 1 zuwa ∞ na 1/xᵖ yana tsayawa ne kawai in p ya fi 1, daga 0 zuwa 1 kuma in p bai kai 1 ba.

Lokacin karatu: awa biyu a ɗaki ga kowace awa ta lakca, a rarrabe a kwanakin mako. Awa shida a dunƙule daren Asabar ba ta kai awa ɗaya kullum ba, don hannu ne ke koyon wannan darasi.

Malamar Lissafi a Jidda ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗana, zan ƙara maka abin da mai jan biro ke dubawa, sannan babin da Injiniya bai taɓa ba, wanda galibi shi ne ke da kaso mai nauyi a jarrabawar ƙarshe don ba a cika samun sa a na tsakiya ba.

A darasi mai shu'uba da yawa, wato azuzuwa daban-daban, irin Lissafi 106 na Jami'ar Sarki Sa'ud, jarrabawa ɗaya ake yi wa kowa, kuma da takardar rabon maki ɗaya ake dubawa. Ma'anar wannan biyu ce. Ba za ka ce "dukturanmu bai kai nan ba". Jadawalin makonni da ke cikin takardar darasi shi ne alƙali. Sannan makin a jikin matakai yake. Tambaya mai maki 3 za a iya raba ta: ɗaya na zaɓen u da du, ɗaya na warwarewa, ɗaya na komawa x da rubuta C. Amsa tsirara, ko daidai ce, ba ta samun komai ko kuma ta samu ɗan kaɗan. Akasin haka kuma alheri ne gare ka: in ka tsara tambayar daidai ka kasa ƙarasawa, ka kwashi rabi. Kada ka bar fili fari.

Ƙananan abubuwan da ake cirewa rabin maki a kansu, su taru su mayar da B ya zama C+: rashin + C, rashin dx, rubuta ln x a inda ya kamata ln|x|, sa ∞ a cikin lissafi kamar lamba maimakon rubuta nihaya, da jera alamar daidai tsakanin abubuwan da ba daidai suke ba. A ƙa'idar asali ta kalkulas kuma, in iyakar sama ba x ba ce tsura, sarƙa na shiga: mushtaƙƙar ∫ daga 0 zuwa x² na cos t dt ita ce 2x cos(x²). Wannan 2x ɗin shi ne makin tambayar.

Babin amfani da takamul, wato faɗi da girman ciki da tsawon lanƙwasa. A nan zane ba ado ba ne, shi ne rabin aikin. Faɗi ba shi ne takamul ba kai tsaye: ∫ sin x daga 0 zuwa 2π sifiri ne, amma faɗin da ke tsakanin lanƙwasar da layin x 4 ne, saboda rabin da ke ƙasa sai an juya masa alama. Sai ka nemo inda layukan suka gicciye, ka san wanne ke sama a kowane yanki.

Ɗauki yankin da ke tsakanin y = x da y = x², daga 0 zuwa 1. Faɗinsa 1/6. Juya shi a kan layin x, kowane yanka zai fito kamar faifai mai rami a tsakiya, babban radiyo (radius, tazara daga layin juyawa) x, ƙarami x². Daidai shi ne π∫(x² − x⁴) dx = 2π/15. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a debe tukuna sannan a ninka: π∫(x − x²)² dx, wanda ke ba da π/30, kashi ɗaya cikin huɗu na gaskiya. Kowane radiyo da murabba'insa, sannan a debe. Juya yankin nan a kan layin y kuma, da hanyar ɓawo (shell method), 2π∫ x(x − x²) dx = π/6. Yi ta da faifai cikin y, π∫(y − y²) dy, π/6 za ka sake samu. Duk tambayar girman ciki da ka yi a gida ka yi ta ta hanyoyin biyu. In sun sha bamban, ka san akwai ɓaraka kafin malami ya gaya maka. In layin juyawar ba x ko y ba ne, a ce y = 2 ne, radiyon tazara ce daga wannan layin, 2 − x² da 2 − x, kuma wanda ya fi nisa shi ne babba.

A gefe: wannan lissafin ba baƙo ba ne a ƙasashen Larabawa. Masanin lissafi Ibnul Haisam, wajen shekara 1000 Miladiyya, ya fitar da jimlar lambobi masu daraja ta huɗu domin ya auna girman cikin abin da ake samu in an juya parabola a kan gindinta, ya samu 8/15 na silindar da ta kewaye shi. Kai za ka fitar da wannan a layi huɗu: π∫(1 − x²)² dx daga −1 zuwa 1 shi ne 16π/15, silindar 2π. Alamar ∫ da kake rubutawa kuwa Laibniz, masanin lissafi Bajamushe, shi ne ya fara amfani da ita a 1675, harafin S ne aka ja, na jimla.

A lissafin da'ira da kusurwa, faɗi ½∫ r² dθ ne, kuma tarkon yana iyakoki. r = 2cos θ tana gama zagaye da'irarta daga 0 zuwa π, faɗi π. Wanda ya saba sa 0 zuwa 2π zai zagaya sau biyu ya samu 2π.

A kan kalkuleta na ɗan saɓa wa Malam Mu'id. A zauren jarrabawa, na yarda, ka shirya kamar babu. Amma a ɗaki tana da amfani ɗaya babba: Casio fx-991 tana fitar da ƙimar takamul mai iyakoki, don haka bayan ka gama da hannu ka danna ka gani ko lambobin sun haɗu. Ka tabbatar tana kan radiyan, in ba haka ba duk abin da ke da sin ko cos zai fito a karkace. Wadda ba ta da iyakoki kuwa ba ka buƙatar na'ura: ɗauki mushtaƙƙar amsarka, in ta dawo da tambayar, ka ci. Desmos ko GeoGebra na zane ne bayan ka zana naka. Manhajojin da ke warware tambaya mataki-mataki, in aikin gida na maki ne, kwafo su satar amsa ce a dokar jami'a. In ma ba a kama ba, makin aikin gida bai fi ɗan kaɗan ba, sauran duka a zaure ake nemansu da biro.

Sa'o'in ofis na duktura suna manne a ƙofarsa. Ka je da takardar da ka gwada ka nuna layin da ka maƙale. Bayan jarrabawar tsakiya ka nemi ganin takardarka a ranar da aka sa, ka tara makin da kanka. Kuskuren tarawa ana gyara shi nan take, amma bayan an rufe sakamakon zango sai da takardar neman sake dubawa.

Sabon Ɗalibi a Riyad ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara wa iyaye lafiya. Saura ɗaya: a jadawalin na ga ƙa'idar Simson da ta tarafiziyam, na ƙiyasta ƙimar takamul, a mako na uku. In an hana kalkuleta, ana tambayarsu kuwa?

Malamar Lissafi a Jidda ta amsa:

Ana tambaya, sai dai da lambobi masu sauƙi da yanka kaɗan, galibi 4. Gwada ∫ 1/x daga 1 zuwa 2 da n = 4. Faɗin kowane yanka 0.25, ƙimomin 1, 0.8, 0.6667, 0.5714, 0.5. A tarafiziyam na tsakiya ukun ake ninkawa da 2, a tara duka, a ninka da 0.25/2, ka samu kusan 0.6970. A Simson jerin ninkin 1, 4, 2, 4, 1 ne, a ninka jimlar da 0.25/3, ka samu kusan 0.6933. Amsar gaskiya ln 2 ce, 0.6931. Ka zana jadawali mai layi huɗu, x da ƙima da abin ninkawa da sakamako, don a jikinsa ake ba da maki. Simson ba ta aiki sai n ta rabu biyu daidai, kuma n adadin yanka ne, ba adadin ɗigo ba: yanka 4, ɗigo 5.